Babi na Shida: Lissafin Kuɗin Gahawa, Ta Gida da Ta Shago

Darasi na 1: Karanta fakiti

Sannunku da ƙoƙari, iyayena da yayyena. A wannan babi tambaya ɗaya za mu amsa: nawa kofi guda na gahawa yake ci muku idan kun dafa a gida, nawa ne kuma idan kun saya a shago. Ku tanadi fensir, littafin rubutu, cokali, da fakitin gahawa ko da wanda ya ƙare ne. Mai kalkuleta a wayarsa ya ajiye ta kusa.

Mu fara gyara kalma. Mutane suna ce wa abin shan kofi, suna kuma ce wa mazubin kofi. Na ga yadda wannan yake rikita ɗalibai in an zo lissafi. Saboda haka a littafin nan, gahawa ita ce abin sha, kofi kuwa shi ne abin da ake zuba ta a ciki. Ku rubuta kalmomin biyu a saman shafi, ku ja layi a ƙarƙashin kowace.

Yanzu ku ɗauki fakitin. Ku nemi lamba wadda ƙaramin harafin g yake biye da ita, kamar haka: 250g. Yawanci tana can ƙasa, a gaban fakitin. Harafin g yana nufin giram, wato nauyi. In kun ga kg, kilo ke nan, kilo ɗaya kuwa giram 1000 ne. Kada ku ɗauko lambobin da aka buga a baya ko a gindi, masu rana da wata da shekara. Waɗannan ranar da aka yi gahawar ko ranar lalacewarta suke nunawa. Ku ɗora yatsa a kan lambar nauyi, ku faɗe ta da ƙarfi, sannan ku kwafe ta.

Sau da yawa za ku ga an rubuta Arabica ko Robusta. Iri biyu ne na itacen gahawa. Robusta ta fi ɗaci, sinadarin da yake hana barci a cikinta ya kusan ninka na Arabica, kuma galibi ta fi araha. Burazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman gahawa, Arabica ta fi nomawa. Biyetnam da ke biye mata kuwa Robusta ce kusan duk abin da take fitarwa. In kun ga fakiti biyu masu nauyi ɗaya amma kuɗinsu ya bambanta, ku fara duba wannan kalma.

Darasi na 2: Kofi nawa ne a cikin fakiti?

Masu sana'ar gahawa suna sa giram 55 zuwa 60 na niƙaƙƙiyar gahawa a lita ɗaya ta ruwa. Kofi babba yana cin rubu'in lita. Ke nan kofi guda yana buƙatar giram 15. In ba ku da sikeli, babban cokali ɗaya a shafe kusan giram 5 ne, don haka cokali uku za ku sa. A shafe na ce, wato ku bi bakin cokalin da wuƙa ku zubar da tozon.

Fakitinmu giram 250 ne. Kofi ɗaya giram 15. Za mu raba:

250 ÷ 15

Wanda rabawa take ba shi wahala ya yi ta ɗebewa. Ɗebe 15 daga 250, saura 235, ka ja sanda ɗaya a takarda. Ɗebe 15 kuma, saura 220, ka ja ta biyu. Ka ci gaba har abin da ya rage ya kasa 15. Za ka ƙirga sanduna 16, da ragowar giram 10 da ba su isa kofi ba. Ba abin kunya ba ne yin haka, ni kaina da shi na koya.

Kalkuleta za ta nuna muku 16.666 da jerin shida mai tsawo. Kada ya tsorata ku. Ku ɗauki abin da yake gaban ɗigo ta hagu kawai: 16. Fakitin giram 250 kofi 16 ne.

Mai shan gahawa mai narkewa, wadda ake zuba wa ruwan zafi kawai, lissafinsa daban ne. Ita an riga an dafa ta a masana'anta an busar, shi ya sa ƙaramin cokali ɗaya, kusan giram 2, ya isa kofi. Kwalbar giram 100 kofi 50 ke nan. Kada ku haɗa ma'aunin wannan da na niƙaƙƙiya.

Darasi na 3: Kuɗin kofi ɗaya

Wannan darasi shi ne zuciyar babin, kuma a nan ne na fi ganin ana tuntuɓe. Mu tafi a hankali, sannu ba ta hana zuwa.

Lambobin kuɗin da zan kawo ba farashin wani wuri ba ne. Na zaɓe su ne don su rabu ba saura, shi ya sa ban sa musu sunan kuɗi ba. Daga baya za ku cire nawa ku sa naku.

A ce kuɗin fakiti 800 ne. A ce kuma kofi ɗaya a shago 300 ne. Duk shekara in na rubuta lambobin nan biyu a allo na tambaya wanne ya fi araha, sai hannuwa su tashi, a ce mini na shago, tunda 300 bai kai 800 ba. Wani dattijo ma ya taɓa miƙewa ya zo gaban allo ya nuna mini da yatsa, ya ce, "Malam, ai ga shi a fili." Na ce masa, "Baba, 300 ɗin nan kofi nawa ta saya maka?" Ya ce ɗaya. Na ce, "800 ɗin fa?" Ya yi shiru, ya leƙa littafinsa inda ya ja sanduna, ya ƙirga su da bakin fensir, sannan ya ce goma sha shida. Ya koma ya zauna yana gyaɗa kai.

Ba a gwada fakiti da kofi. Kofi da kofi ake gwadawa. Ku rubuta wannan jimla sau uku kafin ku ci gaba.

To, yaya za mu san kuɗin kofi ɗaya na gida? Za mu raba kuɗin fakiti da yawan kofunan da ke cikinsa. Kuɗi a gaba, kofuna a baya:

800 ÷ 16 = 50

A kalkuleta ku danna 8, 0, 0. Ku danna alamar rabawa, wato gajeren layi mai ɗigo a sama da ɗigo a ƙasa. Ku danna 1, 6. Ku danna alamar daidai, layuka biyu a kwance. Za ku ga 50.

In 0.02 kuka gani, kun juya lambobin, kun fara da 16. Ku goge ku sake. Kuɗi ne ake rabawa, don haka kuɗi ne yake fara shiga. Ku ɗauka kofuna 16 ne jere a kan tebur, kuɗin yana hannunku, kuna bi kuna saka wa kowane kofi rabonsa daidai da na ɗan'uwansa. Abin da yake hannu shi ake fara dannawa. Kuɗi a gaba, kofuna a baya.

Mu sake da wata lamba. Kuɗin fakiti 960, kofuna 16. Wanne ne a gaba? 960. Sai alamar rabawa, sai 16. Amsa 60.

Mu sake. Kwalbar mai narkewa, kuɗinta 1000, kofuna 50. Wanne ne a gaba? Kuɗi. 1000 ÷ 50 = 20.

Akwai hanyar da za ku gane ko kun yi daidai ba sai kun tambayi kowa ba. Ku ninka amsarku da yawan kofuna. 50 sau 16 ya ba da 800, kuɗin fakiti ya dawo, lissafi ya yi. In bai dawo ba, akwai kuskure, kuma kusan kullum juyin nan ne.

Wani kuskuren kuma shi ne raba kuɗi da giram, a yi 800 ÷ 250. Abin da zai fito kuɗin giram ɗaya ne, ku kuwa ba giram ɗaya kuke sha ba. Ku koma Darasi na 2 ku samo yawan kofuna tukuna. Mataki biyu ne, kuma ba a tsallake na farko: giram ÷ 15 ya ba da kofuna, sannan kuɗi ÷ kofuna ya ba da kuɗin kofi ɗaya.

Zan faɗi wata magana, ku yi mini haƙuri. Makon da ya wuce na karɓi littattafai na duba, na tarar fiye da rabi an rubuta amsa ba a rubuta aikin ba. Wasu ma amsarsu iri ɗaya ce sak da ta wanda ke zaune kusa da su, har da kuskuren. Wannan ba koyo ba ne. Ranar da kuka tsaya gaban kanta da fakiti a hannu, maƙwabcin nan ba ya wurin. Ku manya ne, kun riƙe gidaje, kun yi ciniki shekara da shekaru da ka, rabawa ba za ta gagare ku ba in kun zauna mata. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, matambayi ba ya ɓata. Amma kwafar amsa, a daina.

Aiki: ku yi waɗannan, ku rubuta kowane mataki.
(a) Kuɗi 640, kofuna 16.
(b) Kuɗi 1500, kofuna 50.
(c) Fakitin giram 500, kuɗinsa 1650. Ku fara neman kofuna. Ku tuna, kuɗi a gaba.

Darasi na 4: Sauran abin da yake shiga kofi

50 ɗin da muka samu kuɗin garin gahawa ne kaɗai. Mai sa madara da sukari sai ya lissafa su, kuma hanyar ba ta canja ba.

Lita ɗaya ta madara mililita 1000 ce. In kuna zuba mililita 50 a kofi, za ta yi kofi 20. A ce kuɗinta 200: 200 ÷ 20 = 10. Kuɗi a gaba.

Ƙaramin cokalin sukari kusan giram 4 ne. Mai sa cokali biyu yana cin giram 8, kilo ɗaya zai yi masa kofi 125. A ce kuɗin kilo 250: 250 ÷ 125 = 2.

Wutar dafa ruwa da takardar tacewa, mu sa musu 3. Kuɗin wuta kaɗan ne in kun tafasa iya ruwan da za ku sha. Cika buta fal don kofi ɗaya ɓarna ce.

Yanzu tarawa: 50 + 10 + 2 + 3 = 65.

Ga kofi, ga kofi: na gida 65, na shago 300. Ɗebe: 300 − 65 = 235.

Kada wannan ya sa ku ce mai shago cuta yake yi. Garin gahawa ƙaramin kaso ne na abin da kuke biya. Yana biyan haya, da albashin ma'aikata, da wuta, da kofin takarda da murfinsa, da gyaran inji, sannan ya nemi ribarsa. Kujerar da kuka zauna da hirar da kuka yi da aboki duk suna cikin 300 ɗin. Ni a ganina wanda ya shiga shago don ya zauna da mutane bai yi asara ba. Wanda nake ji wa shi ne mai saye kowace safiya a tsaye, cikin gaggawa, bai taɓa sanin nawa yake kashewa ba.

Abu biyu suna ɓata lissafin gida. Na farko zubarwa: in kun dafa kofi biyu kuka sha ɗaya, na biyun ya huce kuka zubar, kuɗin garin da kuka ci ya zama 100, ba 50 ba. Na biyu, niƙaƙƙiyar gahawa tana rasa ƙamshi in iska tana shigarta. Ku rufe fakitin sosai, kuma kada arahar babban fakiti ta ja ku in ba za ku shanye shi da wuri ba.

Darasi na 5: Mako da shekara

Mai saye a ranakun aiki biyar: bambancin shago da gida, 235, sau 5, 1,175 a mako. Shekara mako 52 ce, ranakun aiki 260 ke nan.

Shago: 300 × 260 = 78,000
Gida: 65 × 260 = 16,900
Bambanci: 61,100

Waƙafin da ke tsakiyar lamba yana raba dubbai ne kawai, ba a danna shi a kalkuleta.

Farashi ba ya tsayawa wuri ɗaya. A watan Yulin 2021 sanyi mai tsanani ya ƙone gonakin gahawa a Burazil, farashinta ya tashi a kasuwar duniya. Duk sanda kuɗin fakiti ya canja, ku sake Darasi na 3.

Darasi na 6: Kayan dafawa

In sai kun sayi buta da mataci, ku raba kuɗinsu da bambancin kofi ɗaya. A ce 4,700 ne: 4,700 ÷ 235 = 20. Bayan kofi 20 sun biya kansu. Inji mai tsada ma haka ake lissafa shi, sai dai zai daɗe kafin ya biya.

Darasi na 7: Aikin gida

Ku cike da naku lambobin.

Nauyin fakiti: ______
Yawan kofuna: ______
Kuɗin fakiti: ______
Kuɗin kofi ɗaya na gida: ______
Kuɗin kofi ɗaya na shago: ______

Ku zo da littafin da fakitin ranar darasi na gaba, zan duba aikin layi na huɗu.