Yadda ake nazarin farfaganda a tsofaffin fina-finai marasa sauti

Kafin shekarar 1927, lokacin da sauti ya fara shiga harkar fim a Amurka, darakta ba shi da muryar ɗan wasa da zai jingina da ita. Duk abin da yake so ya cusa a zuciyar mai kallo dole ya bi ta hoto, da yadda aka jera hotunan, da ɗan rubutun da ake sakawa a tsakaninsu. Wannan ƙarancin kayan aiki ne ya sa fina-finan wancan zamani suka fi dacewa da wanda yake koyon gano farfaganda, domin dabarar tana fili ga duk mai haƙurin tsayawa ya ƙirga. Hanyar da za a bayyana a nan ta dogara ne a kan fim ɗin Potemkin, wanda Sergei Eisenstein ya shirya a Tarayyar Sobiyet a 1925 a kan boren sojojin ruwa na wani jirgin yaƙin Rasha mai wannan suna, tare da leƙa wasu fina-finai biyu inda buƙata ta taso.

Kafin a kunna fim ɗin, ya kamata mai nazari ya san wanda ya ba da aikin da kuma dalilin bayar da shi. Gwamnatin Lenin ta mayar da masana'antar fim hannun hukuma a watan Agusta na 1919, kuma hukuma ce ta nemi a shirya wannan fim domin bikin cika shekara 20 da boren da aka yi wa sarkin Rasha a 1905, aka fara nuna shi a gidan wasa na Bolshoi da ke Mosko a watan Disamba na 1925. Saboda haka ba a buƙatar ɓata lokaci wajen tabbatar da cewa fim ɗin yana da manufa ta siyasa, tun da masu shi ba su ɓoye ba; aikin mai nazari shi ne ya nuna ta wace hanya manufar take shiga zuciya.

Haka kuma a tantance kwafin da ake kallo. Fim ɗin ya buɗe da wata magana ta Trotsky, ɗaya daga jagororin juyin juya halin Rasha, a asalinsa, amma da ya rasa tagomashi sai aka cire ta aka sa ta Lenin, kuma masu tace fina-finai a Jamus sun yanke wasu wurare a 1926. Akwai batun gudu: da hannu ake murɗa kyamara a lokacin, sau da yawa ana ɗaukar ƙwayar hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa ɗaya, alhali injinan zamanin sauti suna gudu a kan 24. Kwafin da aka juya ba tare da gyara wannan ba zai sa mutane su riƙa tafiya cikin gaggawa mai ban dariya, kuma duk awon tsawon ɗauka (wato hoton da ke tsakanin yanka ɗaya da na gaba) da aka yi a kansa zai fito ba daidai ba. Kiɗa ma ba ɗaya ba ne, domin Edmund Meisel ya rubuta nasa don nunin Balin a 1926, daga baya kuma aka ɗora wa fim ɗin kiɗan Shostakovich. A kallo na farko a bar kiɗan, a kalli fim ɗin gaba ɗaya ba tsayawa, ana rubuta mintin da aka ji fushi ko tausayi ko murna. Daga kallo na biyu sai a kashe sauti ɗungurungum.

Kallo na biyu ne ainihin aikin, kuma yana da gajiyarwa. A zaɓi fitowa ɗaya daga wuraren da zuciya ta motsa, a ja layuka a takarda, a riƙa tsayar da fim a duk inda aka yanka. Kowace ɗauka a ba ta lamba, a rubuta tsawonta, da abin da ke cikinta, da nisan kyamara, da ko daga sama take kallo ko daga ƙasa, da ɓangaren da motsi ya nufa. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ƙare yana ba da labarin fim kawai, wanda kowa zai iya yi.

Fitowar matakalar birnin Odesa a Potemkin ce mafi cancanta da wannan gwaji. Mutanen gari sun taru a kan doguwar matakala suna ɗaga wa jirgin yaƙin hannu, sai katin rubutu ya ce kwatsam, sai sojoji suka bayyana daga sama. Fitowar ba ta wuce minti bakwai ba, amma an yanka ta fiye da sau 150. Idan aka cika takardar, abu na farko da zai fito shi ne rabon fuskoki. Talakawa suna da fuska, kuma kyamara tana matsowa kusa da su har a ga ƙwayar idonsu: uwa da aka harbi ɗanta, wata dattijuwa mai tabarau, wata matashiyar uwa mai tura keken jariri. Sojojin kuwa yawanci ta baya ake nuna su, ko a nuna takalmansu suna sauka a jere, ko bakin bindigoginsu, ko inuwarsu da ta miƙe a kan matakala. Mai kallo ba zai tausaya wa takalmi ba, kuma ba a ba shi damar tunanin cewa shi ma sojan ɗan wani manomi ne da aka tilasta wa aiki ba. Inda aka matso da fuskar ɗan ɓangaren hukuma shi ne kusa da ƙarshe, lokacin da wani sojan doki yake kai sara da takobi, wato an jinkirta nuna fuskar har sai da ta zama abin ƙyama.

Abu na biyu shi ne alkiblar motsi. Komai ƙasa yake gangarawa, sojoji cikin tsari, jama'a a warwatse, sai ga uwar da ta ɗauko ɗanta ta juya ta nufi sama ta tunkari masu bindiga. Saboda ta saɓa wa kwararar hoton, idon mai kallo yana manne mata tun kafin ya fahimci dalili. Abu na uku lokaci ne. Mutumin da ke gudun ceton rai zai sauka daga matakala mai hawa kusan 200 cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, amma Eisenstein ya riƙa komawa baya yana maimaita saukar daga kusurwoyi daban-daban, ya tsawaita azabar yadda mai kallo zai ƙosa a kawo ɗauki. Sa'ad da jirgin ya buɗe wuta a kan hedikwatar janar-janar, an riga an shirya zuciya ta karɓi harbin a matsayin adalci.

Daga nan sai a nemi ma'anar da ba ta cikin kowace ɗauka ita kaɗai, wadda sai an haɗa biyu take haihuwa. Lev Kuleshov, wanda ya koyar da fim a Mosko, ya shahara da gwajin da aka ruwaito cewa ya haɗa fuskar ɗan wasa guda, ba tare da ta canza ba, da kwanon miya a wani wuri, da akwatin gawa a wani wurin, masu kallo suka ga yunwa a nan, baƙin ciki a can. A Potemkin, bayan harbin jirgin, an jera gumakan zaki uku na dutse, ɗaya yana barci, ɗaya ya farka, ɗaya ya yunƙura, sai ido ya ga zaki ɗaya ya miƙe cikin fushi. Gumakan ma ba a Odesa suke ba, a wata fada da ke Alupka a Kirimiya aka ɗauke su. Haka likitan jirgin da ya duba nama mai tsutsa da tabaraunsa ya ce lafiyarsa ƙalau: bayan an jefa shi cikin teku, an nuna tabaraun yana reto a jikin igiya, an kuma dawo da hoton tsutsar. A duk irin wannan wuri, mai nazari ya rufe ɗauka ɗaya a ransa ya tambayi kansa abin da ya rage na ma'anar.

Katunan rubutu suna buƙatar nasu nazarin, kuma fim ɗin D. W. Griffith na 1915, The Birth of a Nation, ya fi nuna haɗarinsu. A kwafe su duka a takarda ɗaya a karanta a jere kamar muƙala. Griffith ya ɗauko maganganu daga littafin tarihi na Woodrow Wilson, wanda yake shugaban Amurka a lokacin, ya kuma yi wa wasu fitowa laƙabin kwafin tarihi, ciki har da wadda ta nuna baƙaƙen 'yan majalisar jihar Karolina ta Kudu suna shan giya suna cire takalma a zauren majalisa. Rubutun yana ara wa ƙagaggen hoto rigar hujja. A ƙarshen fim ɗin kuma ya riƙa yanka tsakanin fararen fata da aka yi wa ƙawanya a wata bukka da mahayan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin jinin baƙaƙe, da ke sukuwa don ceto su, yana gajarta ɗauka yayin da ake kusantar haɗuwa. Wanda ya ji zuciyarsa tana fatan mahayan su iso da wuri, duk da ya san ko su wane ne, ya rubuta wannan a takardarsa ba tare da kunya ba, domin ita ce shaidar da ta fi kowace ƙarfi a kan aikin dabarar.

Sai an gama da hoto ake komawa ga tarihi, a raba abubuwan fim gida uku: abin da ya faru, abin da aka ƙaga, da abin da aka yi shiru a kansa. Boren sojojin ruwan jirgin Potemkin a kan ruɓaɓɓen nama ya faru a watan Yuni na 1905, kuma sojojin sarkin Rasha sun kashe mutane da yawa a Odesa a kwanakin, amma kisan kiyashi a kan matakala yadda aka tsara shi ƙirƙirar darakta ne. Gida na uku ne aka fi mantawa da shi. Fim ɗin ya rufe da jirgin yana ratsa rundunar jiragen sarki ba a harbe shi ba, wanda gaskiya ne, sai dai bai nuna cewa bayan 'yan kwanaki matuƙan sun miƙa wuya ga hukumomin Romaniya a tashar Konstanta ba. Fim ɗin Birtaniya na yaƙin Somme na 1916 yana koyar da irin wannan taka-tsantsan ta wata fuskar: mafi yawansa hoton fagen daga ne na gaske, amma fitowar da sojoji suke haurawa daga rami suna faɗuwa shirya ta aka yi a bayan fage. Ana cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan yarda mai farfaganda yake gina aikinsa.

Game da tasiri, kada a yi saurin yanke hukunci. Hujjojin da ake iya riƙewa su ne irin waɗannan: Birtaniya ta hana nuna Potemkin a gidajen sinima har 1954; ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka ta yi zanga-zangar adawa da fim ɗin Griffith; an sake kafa Ku Klux Klan a jihar Jojiya a shekarar da ya fito. Waɗannan suna nuna cewa hukumomi da ƙungiyoyi sun ɗauki fim da muhimmanci, amma ba su isa su tabbatar da abin da kowane mai kallo ya fita da shi ba. A kuma bincika yanayin da aka yi kallon, domin fim marar sauti ba a cikin shiru ake nuna shi ba. Waɗanda suka san motocin majigi na zamanin Turawa a Arewa za su tuna cewa mai sharhi da ke tsaye kusa da allo yana iya karkatar da ma'anar hoto yadda ya ga dama.

Wajen rubuta sakamako, kowace da'awa ta zo da lambar ɗauka da mintinta. Maimakon a ce fim ɗin ya nuna sojoji a matsayin azzalumai, a faɗi adadin ɗaukar da suka fito a ciki, da adadin waɗanda aka ga fuskarsu, da abin da ya biyo bayan kowace, sannan a ambaci kwafin da aka yi amfani da shi da gudun da aka kalle shi, yadda wani zai iya maimaita ƙirgar ya amince ko ya musanta.