Yadda ake gasa jan zinare karat 18 ba tare da ya tsage ba

A warsharmu, wato shagon ƙirarmu, da ke unguwar Balad, nan Jidda, yawancin aikin da ke shigowa karat 21 ne, shi mutanenmu da alhazai suka fi so. Shi mai haƙuri ne, ka gasa shi don ya yi laushi ka bari ya huce da kansa, da wuya ya ba ka matsala. Jan zinare karat 18, wanda aka haɗa da jan ƙarfe zalla ko da 'yar azurfa kaɗan, shi ke sa sabon yaro ya ɗauka an cuce shi wajen haɗi. Sau da yawa haɗin lafiyarsa ƙalau, wajen hucewa aka ɓata shi.

Karat 18 kashi 75 cikin 100 zinare ne a sikeli. Amma ƙwayar zarrar zinare ta ninka ta jan ƙarfe nauyi sau uku, don haka in ƙirga su za a yi, kusan ɗaya da ɗaya suke. Sama da digiri 410 na ma'aunin Celsius kowace ƙwaya tana zaune inda ta samu, a cakuɗe, ƙarfen kuma yana bin hannu. In zafi ya sauka ƙasa da haka a hankali, sai su samu damar jeruwa kamar sahun sallah: sahun zinare, sahun jan ƙarfe, sahun zinare. Jeruwar nan tana matse ginin ƙarfen ta gefe ɗaya, ya yi tauri, ya fara tsagewa a ƙarƙashin guduma. Masanin Rasha Kurnakov da abokan aikinsa sun bayyana sauyin tun 1916. Aikinka ka hana ƙwayoyin lokacin jeruwa.

Kafin ka kunna wuta, ajiye kwanon ruwa inda hannunka zai kai ba sai ka tashi ba. Rage hasken ɗakin, don a hasken ranar garin nan ba za ka ga launin ƙarfe da wuri ba. Ka bi kayan da wutar gas mai laushi, ko'ina daidai, har ya yi ja mai duhu, wajen digiri 600 zuwa 650, ka riƙe shi haka ɗan lokaci. Janye wutar. Da zarar jan ya ɓace, ɗauka da awartaki ka tsoma a ruwa. Nan duk dabarar take. Ka tsoma yana ja jawur, mai kauri na iya dare maka. Ka tsaya amsa waya, ya wuce 410 yana kwance kan bulo. Siririyar wayar sarƙa ba ta jira ko kaɗan.

Haka za ka yi bayan kowace walda. In akwai dutse a zoben, cire shi tukuna, ruwan zai fasa shi.

Wanda ya riga ya yi tauri bai lalace ba, muddin bai tsage ba. Sake gasa shi ka tsoma, sahun zai watse, laushin ya dawo.

Ni kam ina amfani da taurin a ƙarshen aiki. Awarwaro ko maƙullin sarƙa, in na gama lanƙwasa da walda, nakan sa shi a tanda a digiri 280 kamar awa guda, ya fito da ƙarfin da ba zai lotsa a hannun mai shi ba. Daga nan sai gogewa kawai, kada a sake lanƙwasa shi sai an sake gasawa.