Yadda ake kafa tarkon ƙamshi wa tsutsar masara

Jama'a kafin in shiga maganar tarkon sai na fara ba ku labarin wani kifi, don daga shi na fahimci dabarar. Sunansa lamfire, dogo ne kamar gaiwa, ba shi da muƙamuƙi sai wani baki zagayayye cike da haƙora, ya manne a jikin kifi ya yi ta zuƙar jini kamar matsattsaku, a manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada guda ɗaya kan kashe kifi kusan kilo 18 a rayuwarsa. Lokacin barbara namijin zai hau rafi ya jera duwatsu da baki ya yi sheƙa, sai ya riƙa sakin wani sinadari ta ramukan numfashinsa, ruwa ya gangara da shi, macen tana shaƙa daga nesa sai ta kamo hanya. Masana a jami'ar jihar Mishigan suka gano sinadarin a 2002, 3kPZS suke ce masa, aka haɗa na bogi ana zubawa a tarko, amarya ta taho gidan ango ta faɗa a keji.

To irin wannan yaudarar ake yi wa tsutsar masarar nan da ta shigo mana a 2016, sai dai ita a juye ne, macen malam-buɗe-littafin dare, wadda ƙwanta ke zama tsutsar, ita ce ke sakin ƙamshin, mazan su biyo.

Ka nemi ɗan robar da aka jiƙa da ƙamshin macen na bogi, malamin gona zai faɗa maka inda ake samu, kuma ka tabbatar na tsutsar masara ne don kowane ƙwaro da nasa. Ni dai bokitin tarko na kanti ban saya ba, jarkar mai na wanke na yanka mata tagogi a gefe, na zuba ruwa da ɗan omo a ƙasa, robar na rataye da waya daga murfi yadda ba za ta taɓa ruwan ba. Ka ɗaure jarkar a sanda kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, masara na tsawo kana ɗaga ta, kullum ta ɗan fi kan shukar. Guda ɗaya ya isa kadada, kuma a kafa tun kafin shuka.

Don Allah kar ka kama robar da hannu, sa leda, kuma kar ka bar ta a rana. Ni na yi wannan wautar a gonarmu ta wajen Ringim, na manta da ita a aljihun babur kwana uku, sati biyu ina leƙa jarka ko ƙuda babu, ashe ƙamshin ya gudu. Duk wata guda a canza sabuwa.

Abin da mutane ba sa ganewa, tarkon ba maganin feshi ba ne, ɗan rahoto ne kawai. Duk sati ka ƙirga mazan da suka faɗa ka rubuta, ranar da ka ga adadin ya tashi to ana zuba ƙwai a gonarka, shiga ka buɗa maƙogwaron masarar, in ka ga ganye da huji-huji da kashi kamar dusar katako tsutsar tana ciki. Nan ne za ka yi feshi da sassafe ko yamma lis, kana saita bakin famfon cikin maƙogwaron, tun tsutsar tana ƙarama kafin ta nutse.