Yadda Ake Shigar da Matokarin BRB a Lissafin Ginin Ƙarfe

Matokarin ƙarfe na yau da kullum yana jure ja, amma idan aka danne shi sai ya lanƙwashe, ƙarfinsa ya zube. Matokarin da injiniyoyi ke kira BRB (buckling-restrained brace, wato matokarin da aka hana shi lanƙwashewa), wanda kamfanin Nippon Steel ya bunƙasa a Japan cikin shekarun 1980, ya magance wannan matsala. Ƙarfensa na tsakiya yana zaune cikin bututun da aka cika da kankare, kamar takobi cikin kube, an kuma sa wani shafi tsakaninsu don kada su manne. Saboda haka yana miƙewa yana takurewa lokacin girgizar ƙasa ba tare da ya lanƙwashe ba.

Da farko, a zana matokarin a manhajar lissafin gini ta ETABS ko SAP2000 daga mahaɗa zuwa mahaɗa, a saki bakinsa biyu yadda ba zai ɗauki komai ba sai ja da danni. Girman da za a shigar shi ne kaurin ƙarfen tsakiya kaɗai, domin bututun ba ya ɗaukar kaya, amma a ƙara nauyinsa da na kankaren a nauyin ginin.

Mataki na biyu ya fi kowanne muhimmanci a ganina, kuma nan aka fi yin sakaci. Siririn sashen ƙarfen tsakiya da ke saki, wato yake miƙewa ko takurewa ba tare da ya koma yadda yake ba idan kaya ya yi yawa, bai kai tsawon matokarin duka ba, sauran kuwa, wato bakunan da aka faɗaɗa da farantin haɗi da jikin ginshiƙi, sun fi shi tauri nesa ba kusa ba. Idan aka bar manhaja ta ɗauka cewa siririn ne tun daga farko har ƙarshe, ginin zai fito da laushi fiye da yadda yake, lokacin lilonsa ya tsawaita a lissafi, ƙarfin girgizar da aka tsara masa ya ragu. Maganin shi ne a ninka taurin da adadin gyara, KF, wanda yawanci yakan faɗa tsakanin 1.3 da 1.7. Gajeren matokari yakan buƙaci adadi mafi girma, don haka bai dace a ɗora adadi guda a kan dukkan benaye ba. A karɓo shi daga masu ƙerawa, kuma duk lokacin da girman matokari ya sauya a sake tambaya, a sake lissafi.

Daga nan a shigar da ma'aunan ƙa'idar ASCE 7 ta Amurka, inda R, adadin da ake rage ƙarfin girgiza da shi, yake 8, Cd, adadin da ake ninka gocewar gini da shi, yake 5, a zaɓi kaurin tsakiya daidai da buƙata. Kada a yi masa ƙari da sunan taka-tsantsan, domin duk abin da aka ƙara masa, ginshiƙai ne za su biya.

Dalili kuwa shi ne, ƙa'idar AISC 341 ta Amurka kan ginin ƙarfe mai jure girgiza, wadda ta karɓi wannan tsari a 2005, ta ce a tsara ginshiƙai da bim da mahaɗai bisa iyakar ƙarfin da matokarin zai kai bayan ya saki ya kuma taurara. Misali, tsakiya mai faɗin milimita murabba'i 3,000 da ke saki a megafaskal 290 bisa gwaji, tana fara saki a kiloniyuton 870. Idan ω, adadin ƙarin ƙarfi saboda taurarar, ya kasance 1.4, β kuma, adadin da danni ya fi ja da shi, 1.1, ja zai kai kiloniyuton 1,218, danni ya kai kimanin 1,340. A matokarai biyu masu haɗuwa a tsakiyar bim, bambancin nan yana tura bim ɗin sama ko ƙasa, kuma dole a lissafa shi. Ana karanta ω da β daga sakamakon gwaji, a gocewar bene (yadda samansa ke gusawa gefe daga ƙasansa) ta kashi 2 cikin 100 na tsayinsa ko ninki biyu na gocewar da aka tsara, duk wadda ta fi girma.

Idan aikin ya kai ga bin girgizar daƙiƙa bayan daƙiƙa, a yi amfani da samfurin da ke kwaikwayon halin ƙarfe, wato Steel02 ko Steel4 a manhajar OpenSees, ko mahaɗin Wen a SAP2000, a daidaita shi da zanen gwajin matokari na gaske kafin a sa shi a ginin. A ƙarshe a duba karkatar da ta rage bayan girgiza ta lafa, domin taurin BRB yana raguwa ƙwarai bayan ya saki, kuma gocewa takan taru a bene guda.