Kurakuran da ke gajiyar da tsoka wajen gashi da wutar lantarki

Mai shanyewar ɓarin jiki, ko wanda cinyarsa ta motse bayan tiyatar gwiwa, sau da yawa likitan gashin ƙashi kan sa masa na'urar da ke tura wa tsoka wutar lantarki, ta riƙa ɗaurewa tana saki. Abin yana da amfani, sai dai tsokar kan gaji da wuri fiye da a ce mutum ne ya motsa ta da kansa. Dalili kuwa, ƙwaƙwalwa raba aiki take yi: takan fara da ƙananan zaruruwan tsoka masu juriya, kuma ba ta tayar da su duka lokaci guda. Na'ura ba ruwanta da wannan. Zaruruwan da ke kusa da faifan na'urar da aka liƙa a fata don shigar da wutar su za ta yi ta bugu tare, kamar a tsare mutum biyar da dakon kaya sauran ma'aikata na zaune.

Babban kuskure shi ne rowar hutu. Mutum ya ga ƙafarsa ta fara motsi, murna ta kama shi, sai ya saita daƙiƙa 10 na aiki, 10 na hutu, wai don ya warke da sauri. Kafin a je ko'ina ƙafar da ke miƙewa sosai ta koma ɗan karkarwa kawai. Idan ƙarfi ake nema, a ba tsoka hutun da ya ninka aikinta sau biyar: daƙiƙa 10 tana ɗaure, 50 tana hutawa. Da wannan tsarin aka san Yakov Kots, masanin Tarayyar Sobiyet da ya yi aiki da 'yan wasa a shekarun 1970. Ana iya rage hutun daga baya, amma sannu a hankali, bayan tsokar ta nuna ta fara jurewa. A ganina, wanda ya gyara wannan kaɗai ya magance mafi yawan matsalar.

Sai yawan bugu a daƙiƙa, wanda aka rubuta Hz a jikin na'ura. Da yawa suna zaton ƙara shi ƙara warkewa ne, alhali gajiya yake hanzartawa. An fi aiki tsakanin 20 da 50. A nemi mafi ƙanƙantar lambar da za ta sa tsoka ta ɗaure sumul ba tare da fizge-fizge ba, a tsaya nan. A kuma saita wutar ta hau a hankali cikin daƙiƙa 2 ko makamancin haka, kada ta zo bagatatan.

Faifan ma ana wasa da shi. Ƙaramin faifai a kan babbar tsoka irin ta gaban cinya tara wuta yake yi wuri guda, fata ta yi zafi, aiki bai yi ba. A sa babba, a fata mai tsabta wadda ba a shafa wa mai ba, a daidai inda likita ya nuna, inda wuta kaɗan ke motsa tsoka. Wanda danƙonsa ya bushe a jefar.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ƙara wuta duk lokacin da motsi ya ragu. Ɗan ƙari a farkon zama ba laifi, jiki kan saba. Amma idan an ƙara, motsin tsokar ya ci gaba da raguwa, to ta gaji ne, a tsaya. Matsa mata, musamman da rigunan nan masu tura wuta ga duk jiki, na iya ruguza zaruruwanta har abin ya taɓa ƙoda. Ciwon tsoka mai tsanani, kumburi, ko fitsari ya yi duhu, a tafi asibiti nan take. Bayan zama mai nauyi a bar tsokar ta huta kwana ɗaya ko biyu.

Mai na'urar daidaita bugun zuciya, mai juna biyu, mai farfaɗiya da wanda jini ya daskare a jijiyar ƙafarsa, kada su taɓa wannan na'ura sai da izinin likita. Gaban wuya kuwa ba a liƙa faifai a wurin ko kaɗan.