Yadda za ka rubuta tarihin Farfesa Iya Abubakar ba tare da kwafo shirmen intanet ba

In malami ya ba ka asainmen ko kana son rubuta tarihin Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin nan da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya, to don Allah kar ka fara da Facebook, domin can kowa kwafar na kowa yake yi har da kurakuran.

Fara da jera shekaru a takarda. An haife shi 1934 a Belel cikin Adamawa, ya yi Kwalejin Barewa, ya wuce Ibadan ya fito da digiri mai daraja ta ɗaya a lissafi, sannan ya yi dakta a Kambirij ta Ingila. Ya hau kujerar VC, wato shugaban jami'ar ABU, a 1975 bayan Farfesa Ishaya Audu, ya sauka 1978. Daga nan sai siyasa, ministan tsaro zamanin Shagari, sannan sanatan Adamawa ta Arewa daga 1999 zuwa 2007.

To yanzu sai ka auna kowace magana da waɗannan shekarun. Misali za ka ga ana ta yaɗa wai ya zama farfesa yana ɗan shekara 28, kai kuma ka yi lissafin da kanka mana, tunda dai tarihin malamin lissafi kake rubutawa, 1934 a ƙara 28 ai 1962 ke nan, shekarar da aka buɗe ABU ɗin kanta, to kafin ka sa wannan magana sai ka ga takardar jami'a da ta faɗi shekarar da aka ba shi kujerar farfesa, ba wai "na gani a wani fej" ba.

Irin wannan takarda kuwa sai ka taka da ƙafarka. Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru, Arewa House da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ka nemi tsofaffin jaridun New Nigerian da Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne 1978, rikicin "Ali Must Go" da ɗalibai suka yi kan ƙarin kuɗin abinci, har aka rasa rayuka a Zariya. Nan kowa da irin labarinsa, saboda haka karanta jaridun watan Afrilun shekarar, ka zauna da tsohon ɗalibi ko malamin da abin ya faru a idonsa, ka rubuta wa ya faɗi me, kuma ka nemi izininsa kafin ka sa sunansa.