Yadda zaka zana dajin rani da fentin ruwa, mu nan Katsina

Abu na farko da zan faɗa maka, fentin ruwa ba baƙonmu bane kamar yadda mutane ke zato. Abinda ke riƙe kalar a jikin takarda ƙaro ne, ƙaron nan dai na ɗakwara da malamai ke sawa a tawada don ta kama allo. Turawa sun niƙa kala sun kwaɓa da shi sun zuba a ɗan kwali suna sayar mana, shikenan.

Kayan aiki basu da yawa. Takarda ce kawai bana son a yi mata rowa, ka nemi mai kauri wadda aka rubuta 300gsm, don takardar fotokwafi ko kwalin da yara ke saye na makaranta da ta sha ruwa sai ta kumbura ta lanƙwashe kamar gurasa. Buroshi biyu sun isa, babba mai faɗi na sararin sama da ƙarami mai tsini. Sai fensir, tef na liƙe takarda a jikin katako, tsumma, da gwangwanin madara biyu, ɗaya na wanke buroshi ɗaya na ruwa mai tsabta. Kala kuwa in ka samu uku ka gama da dajinmu: mai ruwan ƙasa da ake rubuta Yellow Ochre a jikinta, jar ƙasa wato Burnt Sienna, da shuɗi Ultramarine. In ka haɗa biyun ƙarshen nan zasu baka ruwan toka mai kyau, da shi nake duk wata inuwa, baƙi kam na daɗe ban taɓa shi ba don yana kashe zane.

To babbar matsalarmu anan ita ce iska. Masu koyarwa a YouTube yawanci a ƙasashe masu laima suke, zaka ga mutum ya jiƙa takarda yana ta surutu minti biyar bata bushe ba, kai kuwa a hunturun Katsina kafin ka kurkure buroshi ta bushe ƙaƙas. Karon farko da na gwada a hanyar Daura zuwa Kongolam, na shafa rabin sama na juya in ɗebo kala, dawowar da zanyi layi ya fito a tsakiya raɗau kamar an ja da rula, ga ƙura ta manne a sauran wurin da bai bushe ba, wallahi ranar haushi kamar in jefar da kayan. Maganinsa, ka kwaɓa kalar da yawa tun kafin ka fara, fiye da abinda kake ganin zaka buƙata. Ka jiƙa bayan takardar ma, ba gaba kaɗai ba, sannan ka liƙa. Ka zauna a inuwa ka ba iska baya, kuma ka fita da sassafe bayan gari ya waye ko bayan la'asar, tsakar rana ɓata lokaci ne, inuwa ma duk ta shige ƙarƙashin itace babu abin zanawa. Wasu na ɗiga gilisarin na kemis a cikin ruwan, yana rage saurin bushewa, amma ɗigo ɗaya zuwa biyu, in yayi yawa fentin sai yayi ta danƙo.

Da sama ake farawa, kuma don Allah ka ɗaga kai ka duba kafin ka shafa shuɗi. Lokacin hazo samanmu fari-fari ne da ɗan ruwan ƙasa a ƙasa-ƙasa inda ya haɗu da daji. Jiƙa wurin da ruwa zalla, ka sa shuɗi kaɗan can sama, ka sauko da ruwan ƙasa mai ruwa sosai su haɗe da kansu, kar ka koma kana gyarawa. Itatuwan nesa a lokacin zaka sa su tun takarda na da danshi, gefensu ya narke, haka hazo ke cinye su. Abinda ke kusa ne kawai ke samun kala mai ƙarfi. Ka tuna kuma fentin ruwa in ya bushe yana yin haske fiye da yadda ka gan shi a jiƙe.

Rairayi shima ba ruwan ɗorawa bane. Ka ɗebi na Daura a hannu ka gani, fari ne da ɗan ja-ja. Shafi ɗaya mara kauri, in ya bushe ka matse buroshi a tsumma ka ja shi a kwance da sauri, sai ya bar ɗigo-ɗigon farar takarda kamar rana na haska yashi. Tsohon buroshin goge baki kuma ka tsoma a kala ka yarfa da ɗan yatsa, ga tsakuwa nan.

Itace kowanne da tsayuwarsa. Kuka a rani tsirara take, gindi ƙato rassa kamar saiwoyi a sama, ruwan toka da ɗan ja. Goruba tana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, giginya kuwa miƙe take sambal, kar ka haɗa su. Tumfafiya ganyenta kore ne mai toka-toka, sai ka ƙara shuɗi da ruwa. Gawo kuma shi ne ya taɓa bani kunya, na zana gonar damina a wani ƙauye na cika shi da ganye daga kaina, wani dattijo ya leƙo yace ɗana, a ina ka taɓa ganin gawo da ganye ana ruwa? Nace Baba ayi haƙuri. Gaskiyarsa, gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake kore shar.

Maganar dabbobi, na san akwai waɗanda basa zanen abu mai rai saboda addini, wannan kowa ya tambayi malaminsa, itace da ganuwa da hasumiyar Gobarau ma sun ishi mutum aiki. Wanda zai yi, ya fara da ƙadangare, yana kwanciya a katanga ya daɗe yana gyaɗa kai, namijin kansa ja-ja jikinsa shuɗi mai duhu, ka bar kan ya bushe kafin ka sa jikin in ba haka ba su cakuɗe. Balbela ba a fenta ta, kewaye ta ake da kalar bayanta a bar farar takarda, sai ɗan toka a ƙarƙashin ciki. Raƙumi baya jira, in ka je kasuwar Mai'aduwa ka nemi izinin mai shi ka ɗauki hoto a waya, a gida ka fitar da wuya da tozo da fensir a hankali. Kuskuren da kowa ke yi shine gajarta ƙafafun, ka ƙara musu tsawo har sai ka ji kamar yayi yawa, sannan ka sa inuwarsa a ƙasa manne da tafin ƙafa, in babu ita sai ya zama kamar yana yawo a iska.